Ƙarfen kariyar da mai walda ya haɗa mini a Garwa, bayan wata biyar da faɗuwa uku

Shekara tara ina kan Boxer, sai bara na sayi babban mashin Ténéré 700 na hannu. Boxer idan ya karkata, ƙafa ɗaya ta ishe ka ka tare shi. Wannan kuwa ya haura kilo 200 idan tankinsa mai lita 16 ya cika, ga sirdin kusan santimita 87 daga ƙasa, ni kuma ba dogo ba ne. Shi ya sa tun makon farko na kai shi wajen wani mai walda a unguwar Rumde Ajiya, ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya kewaye injin da lagireto, a kan sefa dubu 45.

Faɗuwar farko a kasuwar Pitowa ce, ranar Lahadi. Ko gudu ba na yi, juyawa kawai zan yi, kan mashin a karkace, sai wani yaro mai tura kura ya gitta. Na damƙe birkin gaba. Gaban ya nutse, mashin ya kwanta ta hagu a hankali kamar raƙumin da aka ce ya durƙusa, ina riƙe da shi ina salati. 'Yan kilando, wato 'yan acaɓa, suka yi dariyarsu har ta ishe su, sannan wani dattijo a cikinsu ya ce, "Alhaji, kashe shi tukuna, ka bar shi a giya. Juya masa baya, ka tokare sirdin da ƙugunka, ka ɗaga da ƙafafu." Haka na yi, hannu ɗaya riƙe da kan mashin, ɗaya a ƙarfen baya, ya miƙe. Da na duba, fentin ƙarfen kariyar ne kaɗai ya goge. Lagireto ko ƙwarzane babu.

Ta biyu a bakin Binuwai, ina tsaye ina sayen kifi, ƙafar jingine mashin ta gefe ta lume cikin yashi. Yanzu gwangwanin sardin da na take yana aljihuna, shi nake sa mata a ƙasa.

A ta uku ne na ga aibin aikin. A gangaren ƙofar gidanmu na sa ƙafa ban tarar da ƙasa ba, ya faɗi ta dama a kan siminti. Bututun bai lotse ba, amma kunnen da aka ɗaure shi da shi siriri ne, ya lanƙwashe har ƙarfen ya kusa taɓa murfin inji. Hannun birki ma ya karye, don kariyar ba ta kai can. Na koma wajen mai waldan, ya juya abin ya ce, "Gaskiya maigida, nan na yi rowar ƙarfe." Ya sauya kunnuwan da masu kauri, bai karɓi ko dala ba.

Fentin ma ba na kirki ba ne, damina ɗaya ya fara tsatsa. Duk da haka zan sake ba shi aiki, sai dai wannan karon zan tsaya a kansa in ga kaurin kowane kunne kafin ya kunna wuta.