Na ba da wankin kafet ɗin falona, ga yadda ta kaya

Shekara huɗu kafet ɗin falonmu na shimfiɗe daga bango zuwa bango, tun ranar da muka tare a Hotoro. Kullum safiya sai an share shi, a ganina tsaf yake. Sai da autana ya fara tarin dare a hunturun bana, ƙirjinsa na fito kamar usur, sannan likita ya tambaye ni ko da kafet a gida. Na ce akwai. Ya ce ƙurar hunturu a cikinsa take kwanciya, tsintsiya kuwa tayar da ita kawai take yi, mu shaƙa, ta koma. Ya kuma yi mini bayanin wasu 'yan halittu da ba su kai rabin milimita ba, masu cin ɓawon fatar da jikinmu ke zubarwa, suna yaɗuwa da damina in akwai danshi. Kashinsu na cikin abubuwan da ke tayar da asma.

Wata maƙwabciyata ce ta haɗa ni da masu wankin. Su uku suka zo, a kan lokaci, har da janaretansu. Suka fara da injin zuƙar ƙura a bushe, sannan wani injin da ke fesa ruwan zafi da sabulu yana zuƙe su nan take. Da babbansu zai zubar da ruwan farko ya kira ni, ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙi ƙirin kamar ruwan kwata, da yashi kwance a gindin bokitin, ga gashi, ga ƙwayar gero. A kan wannan yarana ke birgima suna cin abinci! Jan kafet ɗin, da na ɗauka ya koɗe, sai ga shi ya dawo.

Inda suka ɓata mini rai shi ne shanya. Na ce, "Malam, yaushe zai bushe?" Ya ce kafin magariba. Suka mayar da kujeru suka tafi. Washegari na sa hannu ƙarƙashin doguwar kujera na ji shi jiƙe, har ya fara wari. Kafet in ya yi kwana ɗaya zuwa biyu da danshi fumfuna na iya kama shi, ita ma tana tayar da asma, ka ga an gudu ba a tsira ba. Muka fitar da kujerun tsakar gida, muka buɗe tagogi, fanka biyu suka wuni suna aiki. Sa'ar da muka ci iskar hunturu busasshiya ce. Ƙamshin sabulunsu ma ya yi ƙarfi, sai da yaron ya kwana biyu a gidan Inna.

Yau wata biyu ke nan. Atishawar safe ta ragu sosai, yaron na barci har asuba yawancin darare. Ba zan ce wankin kaɗai ba ne, don na daina turaren wuta a ɗaki rufe, ana cire takalmi a ƙofa, kuma maganin shaƙarsa na nan a jakata ko'ina za mu. Kafet ɗin ɗakinsa ma na naɗe shi gaba ɗaya, tayil ake gogewa da tsumma mai ruwa.

Zan sake kiransu, amma a Janairu, ba a Agusta ba, kuma kujera ba za ta koma falo ba sai na taka ko'ina da ƙafata na ji ya bushe.