Asibitin dabbobin da ya ceci kyanwata a Unguwar Rimi

Shekara huɗu ke nan Dabino tana gidanmu a Tudun Wada. Autata ce ta tsinto ta a bayan Islamiyyarsu, 'yar mitsitsiya, ido ɗaya ya manne da kwantsa, ta naɗo ta cikin hijabi ta kawo mini. Launin jikinta ne ya sa muka raɗa mata wannan suna. Tun da ta yi wayo ɓera ya daina yi mana ɓarna a sito, kuma ni da nake kai dare ina ɗinki, ita ce ke kwanciya kusa da ƙafata tana taya ni zama. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa kai ta wajen likita ba. Ban ma san ana duba kyanwa a Kaduna ba. A tunanina likitan dabbobi na masu shanu ne da tumaki a Zango, sai kuma masu gidan kaji.

Wata Asabar cikin damina ta shigo tana ɗingishi, ƙafar baya ta kumbura, jiki da zafi, ta ƙi ko kallon kifin da na ajiye mata. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko farasitamol na gutsiri kaɗan, na daka, na jiƙa a cokali na ɗura mata, kamar yadda zan yi wa yaro mai zazzaɓi. Kafin la'asar sai ga ta tana numfashi sama-sama, miyau na zuba, fuskarta ta fara kumburi. Ɗan maƙwabciyata da ya yi karatu a Zariya ya leƙo, ya tambayi abin da na ba ta, da ya ji sai ya ce, "Mama, kada ki jira gobe, tashi yanzu." Shi ne ya yi mini kwatancen wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a ɓangaren Unguwar Rimi.

Na saka ta a kwandon wanki na rufe da zani, ni da autata muka tari mai Keke. Wurin ba shi da girma. Ɗakin jira ne ɗaya mai benci biyu, da kanta inda ake sayar da magunguna da abincin dabbobi, sai ɗakin duba marasa lafiya mai teburin ƙarfe, daga can ciki kuma inda ake kwantar da su a keji. Ko'ina fes, sai ƙamshin maganin goge ƙasa. Akwai mutum biyu a gabanmu, amma da yaron da ke kanta ya ɗaga zanin ya ga yadda take numfashi, bai tsaya rubuta komai ba, ya shigar da mu kai tsaye. Wannan shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, daga baya na ji a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi karatu. Tambayarta ta farko ita ce, "Mama, me kika ba ta, kuma da ƙarfe nawa?" Na faɗa mata gaskiya, ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga leɓen Dabino ta ce in matso in gani. Dasashin da na saba gani ja-ja ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ta ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu ke yi, saboda haka maganin yakan juye ya zama guba, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Shi ya sa take haki, shi ya sa fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kyanwa, kuma babu wani ɗan adadi da za a ce ba ya cutarwa. Tana wannan bayani hannunta yana aiki: ta aske gashin ƙafar gaba, ta sa mata ƙarin ruwa, ta fara ba ta maganin da ke kare hanta, wanda ta ce sai an riƙa maimaitawa bayan 'yan sa'o'i, don haka dole a kwantar da ita. Ciwon ƙafar da ya jawo duk wannan ashe yankan kwalba ne da ya yi ruwa, ta wanke ta ɗaure.

Ba ta yi mini alkawarin ƙarya ba. Ta ce, "Kun zo da wuri, akwai fata, amma sai mun ga safiya." Kafin su ci gaba sai da aka rubuta mini kuɗin komai a takarda, ɗaya bayan ɗaya, aka tambaye ni ko na amince. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya kusa abin da nake samu a ɗinkin mako biyu. Na kira Baban yara, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce tunda mu muka jawo, mu za mu ɗauka. Kwana biyu Dabino ta yi a wurin. Kowace safiya likitar da kanta take turo mini hotonta ta WhatsApp tare da bayanin ko ta ci ko ba ta ci ba. Ranar Litinin da yamma muka dawo da ita gida, ta rame, amma tana tafiya da ƙafarta.

A unguwa an yi ta magana. Wata ta ce mini mutane ma ba su samu kuɗin asibiti ba balle kyanwa. Na fahimci abin da take nufi, rayuwa ta yi tsada ga kowa. Sai dai ni tun ina yarinya nake jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce, kuma wannan da hannuna na ɗura mata abin da ya kusa kashe ta.

Ranar sallamar ne likitar ta zaunar da ni ta yi mini karatun da ya fi kuɗin da na biya daraja. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa da kare, ga shi ragowar abincinmu duk da su ake dafawa. Madarar da muke zuba mata don gata, yawancin manyan kyanwoyi gudawa take sa su. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Maganin kaska da ƙuma da aka yi don kare, wani yana kashe kyanwa ko da shafa mata aka yi, haka ma fiya-fiya da wasu ke yayyafawa a jikin dabba. Ga kuma ɓeran da ya ci guba, idan ta kama shi ta cinye, gubar ta shiga jikinta. Ta ce a riƙa ba ta maganin tsutsar ciki kamar duk wata uku tunda tana farauta, musamman da yake yara suna wasa da ita. Sannan ta tambaye ni katin rigakafi. Na ce wane kati? Ta ce in bari Dabino ta murmure sosai, in dawo ranar 28 ga Satumba, ranar suna yin allurar haukan kare kyauta.

Na ce ai kyanwa ce, ba kare ba. Ta ce cutar ba ta san wannan bambanci ba.

Na koma ranar, kuma wannan zuwan ne ya sa na zauna rubuta wannan. Sun kafa rumfa a ƙofar asibitin. Ga masu gadi da karnukan iyayen gidansu, ga mafarauta biyu da karnuka a igiya, ga mutanen Barnawa da Sabon Tasha da suka zo da nasu a mota, ga mu 'yan tsirarun masu kyanwa a gefe riƙe da kwanduna. Kafin a fara, likitar ta yi jawabi da Hausa sannan da Turanci. Ta ce an ware 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, an fara a 2007, kuma an zaɓi ranar ce don ita ce ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, Bafaranshen da ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta a 1885, wani yaro da mahaukacin kare ya ciza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu, kuma burin da duniya ta sa a gaba shi ne zuwa 2030 kada wani ya ƙara mutuwa ta dalilin cizon kare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar yara. Ta ce yaro zai je wasa, ɗan kwikwiyo ya cije shi ko kyanwa ta yakushe shi, ya ɓoye don tsoron duka. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu ko uku sai zazzaɓi, sai firgita, sai ya kasa haɗiye ruwa yana tsoronsa, a ce iska ce ta taɓa shi a yi ta neman magani. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana ana iya hana ta gaba ɗaya: a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibitin mutane a ranar don a fara allurai, kada a tsaya ƙona gashin karen a shafa kamar yadda muka taso muna ji. Idan karen na gida ne, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a jefar a bola, a kira likitan dabbobi, ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Da na dawo gida na tara yarana da na maƙwabta na ce duk wanda kare ya ciza ya faɗa, ba mai dukansa.

Wani dattijo cikin mafarautan ya tambaya ko allurar tana kashe wa kare zuciya ya daina kamu. Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Baba, ba ta taɓa ƙarfinsa ko hancinsa, ku da kuke shiga daji ma kun fi kowa bukatarta." Ya miƙa karnukansa biyu aka yi musu. Na lura kuma allurar daga cikin akwatin ƙanƙara ake ciro ta ɗaya-ɗaya, ba a jera ta a rana ba. Da na tambaya, yaron da ke kanta ya nuna mini firjinsu da ke aiki da sola, ya ce rigakafin yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan ya yi zafi ya zama ruwa kawai. A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan tambaya ce da ya kamata kowa ya yi kafin ya bari a soka wa dabbarsa allura a ko'ina.

Akwai inda suka gaza, kuma zan faɗa. Ɗakin jiran ɗaya ne ga kare da kyanwa. Ranar da muka je wankin ciwo wani ƙaton kare ya yi ta haushi a kan kwandonmu har Dabino ta yi fitsari don tsoro, ni kaina na takura saboda tufafin sallata. Labule ko benci ɗaya a waje zai magance wannan. Ba sa aikin dare, ƙarfe shida suke rufewa, da abin ya same mu bayan isha'i ban san inda za mu nufa ba, kuma babu lambar gaggawa a jikin ƙofa. Abincin gwangwani da na leda da suke sayarwa ya fi ƙarfin talaka, kodayake likitar ba ta matsa mini in saya ba. Ta ce dafaffen kifi ko nama marar albasa da yaji ya fi mata tuwo da miya nesa ba kusa ba, don kyanwa mai cin nama ce. Sannan idan likitar ta fita duba dabbobi a gona, sai ka yi zaman awa biyu ba wanda ya gaya maka yaushe za ta dawo, don haka gara ka kira kafin ka taso.

Ta kuma kawo mini shawarar a yi wa Dabino aikin hana haihuwa. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma na san yadda nake fama da neman masu karɓar 'ya'yan, wasu su ƙare a kwata. Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara da Baban yara, in kuma tambayi malaminmu. Ta ce babu gaggawa, ba ta sake tayar da maganar ba.

An ba mu kati mai ɗauke da sunan Dabino da ranar da aka yi mata allura da ranar da za a maimaita baɗi. Yana cikin aljihun keken ɗinkina tare da katin rigakafin jikokina. Maƙwabcinmu mai karen gadi ya ce in tuna masa idan Satumba ta zo mu tafi tare, autata kuwa ta riga ta rubuta ranar da alli a bayan ƙofar ɗakinsu.