Samarin da ke renon gawo a hanyar Zango

Duk mai neman dashen itatuwanmu na gida a Daura, ba bedi da turare kaɗai ba, ya leƙa wurin samarin nan da ke reno a gefen hanyar Zango. Da faɗuwar damina na sayi gawo da tsamiya da ɗorawa a hannunsu.

Gawon ya fi komai kyau. Ƙwayarsa tauri gare ta, sai sun jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ta shiga leda. Na miƙa hannu zan ɗauki mafi tsayi, wani yaro Bafulatani ya juya ledar ya ce, "Baba, bar wannan, saiwarsa ta nannaɗe a ciki, ba zai kama ba." Ya zaɓo min ƙarami. Mai sayarwa da zai hana ka babba don amfaninka, ai ba kullum ake samu ba.

Wasunsu 'ya'yan manoma ne, wasu daga ruga suke zuwa. Gawo kuwa shi ya dace da su: da damina yana zubar da ganye, gero ya sha rana a gindinsa, da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi, kashin shanu ya zama taki. Rigimar manoma da makiyaya kan gawo dama a saran rassa take tashi. Sun ce a gaban mai unguwa da arɗo suka daidaita: a kaɗe 'ya'ya, ban da gatari.

Irin tsamiyar daga wani tsohon kurmi suke tsinto shi, wanda kakanninmu ke cewa gidan iskoki ne. Ni zancen iskoki bai dame ni ba, amma tsoron nan shi ya tsare kurmin. Yanzu masu gawayi ba sa tsoron kowa, sai yaran nan ke zagayawa bi da bi. Wanda ya san yadda Dajin Rugu ya koma maɓoyar 'yan bindiga ba zai raina wannan ba. Tun 2007 ake maganar ganuwar itatuwa ta Afirka, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, Katsina na ciki, amma a nan na ga mai bin dashe har gona.

Inda suka gaza: ɗorawar ta yi ƙanƙanta, biyu sun bushe min. Ba sa sayar da kariya, sai ka nemi ƙayar magarya da kanka, in ba haka ba awaki ka yi wa hidima. Waya ma ba su cika ɗauka ba. Ka je da sassafe lokacin ban ruwa, kuma ka tafi da kwali, don ledojin na yagewa a kan babur.