Wata takwas a hannun tsofaffin malaman likitanci, ga yadda na ga shirin

Salamu alaikum. Tunda na sa hoton takardar bincikena da ta fito a mujalla a status, 'yan uwa likitoci na Garwa da Marwa har da wani ɗan ajinmu da ke Njamena suke ta tambayata wai shirin nan na tsofaffin farfesoshi masu horar da ƙananan malaman likitanci da nake yawan ambato ya kai kuɗinsa kuwa? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ni likitar yara ce, asistan nake, wato ƙaramar malama, a fakulte na likitanci, shekara ta uku kenan. Duk wanda ya shigo layin nan a Kamaru ya san tsanin, daga asistan sai sarje de kur, sai metir de konferans, sannan farfesa, dosiyenka na neman ƙarin girma kuma ta CCIU zai bi, kwamitin ƙasa mai tantance malaman jami'a, ko kuwa ka ɗaura ɗamarar agiregasiyon, jarabawar ƙarin girma ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, da ake yi duk shekara biyu. Matsalar ita ce shekara 7 aka yi ana koya mana duba mara lafiya, muka ƙara na ƙwarewa, amma ba ranar da wani ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake koyarwa, ga yadda ake rubuta artikil, wato takardar bincike ta mujalla. Kawai wata safiya za ka ga an miƙo maka ɗalibai da tezi biyu, wato kundin kammala karatu, ka duba. A Yawunde tun 1969 aka buɗe CUSS, makarantar likitanci, Farfesa Monekosso ne shugabanta na farko, saboda haka can malami ya haifi malami ya ga jika. Mu nan arewa abin sabo ne, manyan kaɗan ne kuma aiki ya musu yawa, wasu ma zuwa suke daga kudu su yi sati ɗaya biyu su koma. Ba laifin kowa ba ne, amma ƙaramin malami yana iya shekara biyu yana lalube cikin duhu.

Shirin dai na wasu farfesoshi uku ne da suka yi ritaya, da wata baiwar Allah mai lissafin bincike. Sefa dubu 15 nake turawa duk wata ta Orange Money, tsawon wata takwas. Kowa ana haɗa shi da malami ɗaya, kira duk sati biyu, darasin taro ranar Asabar, sai haɗuwa ido da ido sau ɗaya a Gaundare kwana uku.

Nawa malamin tsohon likitan yara ne, ya taɓa aiki a Marwa da ƙuruciyarsa, har yanzu yana ɗan taɓa Fillanci. Metir nake ce masa kamar yadda muka saba, shi kuma 'yata. Na tura masa abin da na rubuta kan yaran da muka kwantar da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a damina, shafi goma sha huɗu, ina ganin na gama. Kafin ya karanta ko layi ɗaya ya tambaye ni ina takardar izinin kwamitin ɗa'a. Na ce Metir ai tsofaffin rajista ne kawai na duba, ban taɓa ko yaro ɗaya ba. Ya ce 'yata, sunayen da ke cikin rajistar 'ya'yan mutane ne, je ki nemo izini tukuna. Sati shida na yi ina bin takardar, raina ya ɓaci wallahi, amma da mujallar ta tashi abu na farko da ta nema kenan.

Bayan nan ne ya dawo min da rubutun, bugawa ya yi a takarda ya bi da jan biro ya ɗauki hoto shafi shafi ya turo ta WhatsApp. A saman shafin farko ya rubuta, tambayarki guda nawa ce? na ƙirga biyar. Haka muka yi ta sassaƙa har ta koma ɗaya, wato kwana nawa ake yi da yaro a gida kafin a kawo shi asibiti, da yadda hakan ke shafar wanda ya tashi da wanda muka rasa. Nan ne fa na gane abin da nake biya wa kuɗi. Littafi ba zai ce maka a'a ba, YouTube ma haka, amma mutumin nan sau huɗu yana mayar min da tebur ɗaya, kuma duk lokacin sai ya faɗa min dalili, bai taɓa gyara min da hannunsa ba sai dai ya nuna wurin ya ce sake tunani. Akwai daren da na fito gardi ƙarfe biyu na tarar da saƙon muryarsa na minti tara kan sakin layi ɗaya tak.

Abu na biyu da ba zan manta ba maganar sunaye ce. Kowa ya san yadda ake yi, artikil ɗaya suna goma sha biyu, rabinsu ko karantawa ba su yi ba. Ya sa na karanta sharuɗɗa huɗu na ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, kan wanda ya cancanci a sa sunansa. Da na ce zan sa shi a ƙarshe ya ƙi, ya ce godiya a ƙasan takarda ta ishe shi, ɗalibar da ta sha ƙurar rajista wata biyu ita za ki sa ta biyu. Kuma ya koya min yadda zan je wa shugaban sashenmu da maganar cikin ladabi tun kafin a fara rubutu, ba sai an gama a zo ana jin nauyi ba. Shi ne kuma ya hana ni faɗawa hannun mujallun nan masu turo imel su ce za su buga maka cikin kwana goma in ka biya dalar Amurka, ya ce duba DOAJ da PubMed tukuna, inda ake jera mujallun da aka tantance, na duba babu su. Ita kuma madam mai lissafi ta ɗora mu kan manhajar Epi Info ta lissafi da Zotero ta tsara madogara, duk kyauta ne, ta nuna mana yadda ake shiga shafin Hinari a samu manyan mujallu. Tana da haƙuri sosai.

To amma akwai inda shirin ya gaza, kuma na faɗa musu a Gaundare. Kusan komai a kan rubutu da dosiye yake, koyarwa kuwa zama biyu kacal aka yi mata cikin wata takwas. Ɗayan ya yi kyau, kan ECOS, jarabawar nan ta duba mara lafiya tasha tasha da wani malamin likitanci Harden ya fito da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975, har muka gwada da junanmu. Amma ni abin da ke hana ni barci shi ne yadda zan tsaya da ɗalibai goma sha biyar a kan gadon yaro ɗaya, a zafin Afirilu, uwa na kallo, in koyar ban tozarta kowa ba, da yadda zan gaya wa ɗalibi ya faɗi sitaj, wato horon asibiti, ba tare da na karya masa zuciya ba. Wannan ba a taɓa shi ba sam.

Sai lokaci. Darasin Asabar ƙarfe takwas na dare ne, mu mata huɗu ne a ciki kuma duk muna da yara, ga rezo ga ɗaukewar kuran, rabin Zoom ɗin a yanke nake jinsa, sai da muka matsa aka fara ajiye mana rikodin. Malaman ma ba ɗaya suke ba, wani abokin aikina likitan tiyata sai ya yi sati uku bai ji daga nasa ba, kuma kuɗi ɗaya muke biya. Wani lokacin kuma shawarar ta Yawunde ce, a ce ka ƙara gwajin kaza alhali a wurinmu sai an tura jinin wani gari, iyayen ma ba su da kuɗin. Kuma babu wata yarjejeniya a rubuce, amana ce kawai, in malaminka ya yi shiru ba ka san ƙofar da za ka buga ba.

In kana da bayanai a hannu sun kwanta ka rasa yadda za ka mayar da su artikil, shiga, amma ka tambayi waɗanda suka riga ka wane malami ne ke amsa saƙo kafin ka tura ko dala. In kuwa koyarwar ce damuwarka, ka dakata tukuna, sun ce zagaye mai zuwa za su ƙara zama huɗu a kanta, ban gani ba dai tukun. Ni na sake biyan wata huɗu saboda aikin sankarau da muka fara da ɗalibata, kuma na roƙi Metir in ya zo Garwa bayan salla ya shigo zagayen safe ya tsaya a baya ya ga yadda nake koyarwa, ya ce in sha Allah zai zo da jan bironsa.