Tsofaffin wasanni huɗu da na sake bugawa, da wanda ya yi zarra

A hutun da ya wuce na sake sauke wasannin da suka cinye mana ƙuruciya, don in gane ko da gaske daɗi gare su ko kewa ce ke ruɗa ni. Wata guda na yi a kansu, a wata tsohuwar kwamfuta da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe.

Red Alert 2 na shekarar 2000 shi ne na huɗu a wurina. Ka tara ma'adini, ka ƙera tankoki, ka tura su a guje. Ganin jiragen Kirov, manyan jiragen sama masu jefa bam, sun doso sansanina a hankali har yau yana faɗar mini da gaba, amma bayan mako guda sai na ji ya ishe ni.

Na uku Final Fantasy VII, wanda ya fito a PlayStation a 1997 cikin faifai uku. Hannayen Cloud, jarumin wasan, kamar bulo suke, kuma ba ka taku goma sai faɗa ya tare ka. Labarin ne ya riƙe ni. Na san Sephiroth, mugun labarin, zai kashe Aerith, abokiyar tafiyar Cloud, a ƙarshen faifan farko, duk da haka da wurin ya zo sai da na yi tagumi.

Tsakanin na biyu da na ɗaya ne na sha wuya. Heroes of Might and Magic III na 1999 wasan bi-da-bi ne, kuma mutum biyu na iya bugawa a kwamfuta ɗaya. Ni da ƙanena muke yi. Idan lokacina ya zo sai in ce ya juya baya kada ya ga inda na ɓoye jarumina. Sababbin mayaƙa sai farkon mako suke fitowa a gari, shi ya sa kullum kake cewa bari in ƙara kwana ɗaya. Haka za ka yi ta ƙarawa har ka ji kiran assalatu.

Amma Age of Empires II, shi ma ɗan 1999, ya fi su duka. Abinci, itace, zinariya, dutse: a kan waɗannan huɗun komai ya rataya. Idan aka ci ka da yaƙi a zamanin ganuwa, wato mataki na uku na wasan, laifin tun daga mintunan farko yake, lokacin da ka bar gidan gari, babban ginin sansaninka, bai fitar da manoma ba, ko ka tura mutum ɗaya ya jawo gursunu, ka shagala, gursunun ya kashe shi. Ba ka da wanda za ka ɗora wa. Sabon bugun 2019 ya gyara hoton bai taɓa ƙashin bayan wasan ba, kuma yaƙe-yaƙen Salahuddin da na Sundiata na Mali duk suna ciki.

Wani zai ce ina Age of Empires III, tunda a 2021 an saka Hausawa a ciki, da Sarauniya Amina, da Kano, da mahaya masu lifidi? Na ji daɗin ganinsu ƙwarai, amma son kai ba zai sa in ɗaga shi sama da yayansa ba.

Daren jiya a Age of Empires II ina gab da rushe fadar abokin gaba, majaujawata biyar masu jifa da duwatsu sun riga sun kafu, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar kuwa tuni ya mutu. Yau bayan isha'i zan sake daga tumaki, abincin da ake fara wasan da shi.