Notin ƙota a Lee-Enfield: SMLE da No.4 ba ɗaurinsu ɗaya ba

Malam, ka ce bindigogi biyu ne a hannunka, Lee-Enfield No.1 Mk III da ake kira SMLE, da kuma No.4 Mk I. Ka sayo musu dogon notin da ke riƙe ƙota, sai ga washa iri biyu da wata 'yar fata zagayayya sun biyo kayan, kana tambaya wanne ke fara shiga, kuma ko ɗauri ɗaya ake yi musu. Ba ɗaya ba ne. Kafin ka ɗauki sukundireba, tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka jera notocin biyu ka dubi bakinsu, can inda haƙoran suka ƙare.

Ta waje kam bindigogin biyu kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu katako biyu gare su, ƙota a baya da katakon gaba a ƙarƙashin bututu, da kwarmin ƙarfe a tsakani wanda wuyan ƙota ke shiga. Notin yana bi ta cikin ƙota daga gindi, ta 'yar ƙofar nan ta farantin baya inda soja ke ajiye kwalbar mai da igiyar share bututu, ya je ya kama kwarmin. Inda suka rabu shi ne dabarar da ke hana notin kwancewa idan bindiga ta sha harbi. SMLE ta gaba take kulle shi, No.4 kuwa ta baya.

SMLE Mk III, wadda sojan Birtaniya ya karɓa a 1907, bakin notinta mai kusurwa huɗu ne. Idan an ɗaure, bakin yana leƙowa ta cikin kwarmin ya zauna a tsagar wani ɗan farantin ƙarfe da aka dasa a ƙarshen katakon gaba. Muddin katakon gaba na wurinsa, notin ba shi da halin juyawa. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya san da ita, amma ta halaka katako ba adadi a hannun wanda bai sani ba. Mutum ya zura sukundireba, ya ji tauri, ya ce tsatsa ce, ya ƙara ƙarfi. Notin ya juya, bakinsa ya buɗa farantin, farantin ya tsaga katakon, kuma daidai wurin da katakon ke karɓar bugun harbi yake tsagewa. Waɗanda aka ƙera a Lithgow ta Ostareliya sun fi ban tsoro ta nan, domin icen da suka yawaita amfani da shi bai da wuyar tsagewa. Saboda haka a SMLE katakon gaba ne farkon fita, shi ne kuma ƙarshen komawa.

No.4, da ta shiga hannun sojoji a 1941, an sauƙaƙa ta don a ƙera da yawa cikin gaggawar yaƙi. Bakin notinta ba shi da kusurwa, ba abin da yake kamawa a gaba. Washar sufirin mai naɗi biyu da ka gani a kayanka ita ce makullinsa, tana zama ƙarƙashin kan notin tana tokare shi. Kana iya cire ƙotar ka mayar ba ka taɓa katakon gaba ba.

Jerin shigarsu ke nan. A SMLE, shimfiɗaɗɗiyar washa ce ke kwanciya a kan katako a ƙasan ramin, kan noti ya hau kanta. A No.4 shimfiɗaɗɗiyar ta fara shiga, ta sufirin ta biyo, sannan kan noti. Kada ka juya su. Washar sufirin tana da kaifi a bakinta, in ta zauna a kan katako kai tsaye ci za ta yi ta yi, bayan 'yan watanni ka ji ƙota na rawa. Fatar kuwa ba washa ba ce ko kaɗan, ko da yake da yawa suna zura ta a jikin noti. Bayan an gama ɗauri ake tura ta ta zauna a bisa kan notin, aikinta ta hana kwalbar mai ƙwanƙwasar ƙarfe. In tsohuwar ƙota ce, haska ramin da tocila tukuna. Sau da yawa tsohuwar fata na nan ta toshe tsagar notin, sai an lanƙwasa waya an ƙwaƙulo ta, tsohuwar washa ma takan manne a ƙasa da busasshen giris. Wanda bai duba ba sai ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa.

Wurin ɗaurin ne SMLE ke neman haƙuri. Ba matsewa kaɗai ake so ba, sai notin ya matse kuma kusurwarsa ta tsaya daidai yadda tsagar farantin za ta hau ta. Kana ɗaurewa kana leƙa cikin kwarmin ta gaba. In ya matse amma ya karkace kaɗan, ƙara gaba zuwa kusurwa ta gaba idan zai je. In ba zai je ba, kwance ka canza washa mai kauri daban. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sassauta noti don kusurwa ta daidaita, wannan ƙota ce mai rawa aka kulle da makulli. Idan ka zo mayar da katakon gaba ya ƙi zama, kar ka buga, notin ne bai daidaita ba. A No.4 babu wannan lissafi, ka ɗaure har sufirin ya kwanta, ka duba bakin notin bai yi tsawon da zai tokari katakon gaba ba. In ya wuce, ƙarin shimfiɗaɗɗiyar washa na gyara shi.

Sai dai kada ka dogara da sunan da ke jikin bindiga kaɗai. Wasu SMLE na baya-bayan nan da masana'antar Ishapore ta Indiya ta yi sun bar noti mai kusurwa sun koma salon No.4, ga kuma bindigogin da suka ratsa hannun masu gyara shekara da shekaru ana musanya musu kaya. Ni duk SMLE da ta zo hannuna, cire katakon gaba nake yi in gani da idona. Haka kuma kar ka musanya notocin biyu. Yawancin sukurorin SMLE haƙoransu ma'aunin masana'antar Enfield ne na kanta, na No.4 kuwa an mayar da su ma'aunin Birtaniya na gama-gari. Fara juya kowane noti a hankali, in ya yi gardama tun zagayen farko, tsaya.

Sukundireban ya zama dogo mai faɗin baki wanda ya cika tsagar. Naɗa masa salatif a jiki har ya kusa cika ramin, don kada bakinsa ya zame tsakanin kan noti da katako, in ya zame ka murɗa, gefen ƙota ne zai fashe. Shafa ɗan giris a haƙoran. Wuyan ƙota ya shiga kwarmin da ƙyar, har sai an ɗan bubbuga gindin da guduma ta katako, domin in yana lilo a ciki babu ɗaurin da zai hana shi motsi. Ka bar ɗan siririn tsakani, kamar kaurin ruwan zarton ƙarfe, tsakanin kafaɗar katakon da leɓen kwarmin. In katako ya manne da leɓen, harbi ne zai riƙa ɓantare shi.