Na kai amfilifayata a ƙara mata ƙarfi daga wat 15 zuwa 50

Shekara shida ke nan ina kaɗa jita a wuraren biki a Kano da kewaye, kuma duk tsawon wannan lokaci da amfilifaya guda, wato na'urar ƙara wa jita sauti, nake aiki, irin mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗauki zafi, kamar na rediyon dā. Wat 15 ce, bawul biyu samfurin EL84 ne ke ba ta ƙarfi, sai lasifika guda mai inci 12. A cikin ɗaki ko ƙaramin zaure ba ta da tamka, amma da aka fara gayyatarmu manyan ɗakunan taro da filayen da ake kafa rumfuna, sai kalangu da ganguna suka riƙa danne ni, musamman idan samari suka nemi a yi musu salon Agadas, inda jita ce ke jan ragamar kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Kuɗin sabuwa mai wat 50 kowa ya san yadda yake a yanzu, don haka na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan sauti a Sabon Gari, wanda makaɗa da yawa suka yaba mini aikinsa.

Abin da muka yi magana a kai a bayyane yake. Zai cire EL84 ɗin nan biyu ya sa manyan bawul samfurin EL34 biyu, zai canza mazauninsu domin na farkon ƙafa tara gare su, na biyun kuwa mazauni mai rami takwas suke hawa, sannan zai canza taransfomar da ke miƙa sauti ga lasifika. Da na tambaye shi batun ɗaya taransfomar, wadda ke raba wuta ga dukkan na'urar, sai ya ce, "Ɗana, wannan tana da ƙwari, za ta ɗauka, kada ka ɓata kuɗinka." Na ce, "To Baba, kai ka san aikinka." Bayan kwana goma na karɓo ta, kuma dole in faɗi gaskiya, hannunsa yana da tsabta. Hujin da ya faɗaɗa a jikin ƙarfen bai bar ko tsini ɗaya ba, dalmar da ya liƙa tana sheƙi, wayoyin kuma a jere suke. Da na gwada ta a gida, muryar manyan tsirkiyoyin ta yi kauri, sautin ya fito garau ba ya dusashewa ko da na murɗa ƙarar har rabi, har na kira abokan aikina na ce musu matsalata ta ƙare.

Ranar Asabar ta biyu muka je wani biki a Zariya, a fili, da janareta. Awar farko komai ya tafi daidai, ko da yake na lura cewa idan na daki tsirkiyoyin da ƙarfi sautin yana ɗan sarewa, kamar mai gudun da numfashi ya fara yi wa wuya. Ana gab da shigo da amarya, lokacin da uwar biki ta aiko a ce mu ɗaga kiɗan, sai na ji wani wari kamar na roba da fenti suna ƙuna. Na ɗauka daga wurin masu abinci ne. Mai kalangu ne ya taɓa ni ya nuna mini bayan amfilifayar, inda wani siririn hayaƙi ke fita, kuma kafin in kai hannu ga makunni fis ya yanke, jitar ta yi shiru a tsakiyar waƙa, a daidai lokacin da ƙawayen amarya suka shigo fili ana ta liƙi. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban ɗaruruwan mutane riƙe da jitar da ba ta magana ba, ba zai san nauyin wannan minti biyar ba. Muka jona jitar kai tsaye cikin na'urar haɗa sauti, ta riƙa fita siririya, busasshiya, kamar ana kaɗa waya a kan gwangwani, haka muka ƙarasa daren. Wanda ya ɗauke mu aikin bai yi faɗa ba, amma ya rage wani abu daga cikon kuɗinmu, kuma har yau bai sake kiranmu ba, abin da ya fi zafi ke nan.

Da na mayar da ita ranar Litinin, maganar farko da dattijon ya yi ita ce janareta ne ya yi ɓarnar. Ban yarda ba, domin ta sitabilaiza nake jona kayana, kuma kibod da na'urar haɗa sauti a layi ɗaya muke, babu abin da ya same su. Da ya buɗe, taransfomar da ya ce za ta ɗauka ita ce ta ƙone ƙurmus. Daga baya na nemi takardun bayanin waɗannan bawul na karanta da kaina, sai na ga lissafin bai da wuya ko kaɗan: zaren da ke ɗumama EL84 guda yana jan amfiya 0.76 a kan bolt 6.3, na EL34 kuwa amfiya 1.5 yake ja, wato kaya ya ninka ke nan tun kafin a taɓa tsirkiya ɗaya. Ban da haka, EL34 biyu ba sa ba da wat 50 sai an ba su wutar da ta haura bolt 400, tsohuwar taransfomar kuwa ɗari uku da ɗoriya aka yi ta ta bayar. Ashe tun ranar da na karɓo ta ba wat 50 nake da shi ba, kuɗinsa kawai na biya. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan sana'a bai kamata wannan ya wuce shi ba, kuma ni ne na tambaya da bakina aka ce kada in damu.

Ya karɓi laifi daga ƙarshe, bai ƙara cajin kuɗin aiki ba, amma ni na sayi sabuwar taransfoma da aka aiko daga Legas bayan mako uku, ni na sayi sabuwar lasifika domin tsohuwar wat 25 kawai take iya ɗauka. A wannan karon ya zauna da mita ya daidaita wutar da bawul ɗin ke ja a lokacin da ba a kiɗa, ya bar ta a kunne awa huɗu a shago yana taɓa taransfomar. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu da nake gode masa a kai: kada in taɓa kunna ta ba tare da lasifika a jone ba, kuma kada in sa hannu a cikinta ko da na zare ta daga wuta, saboda kafasitocin, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum. Wata huɗu ke nan tana aiki babu tangarɗa, a fili ana jin ta sosai, kuma sautin da ba shi da gurɓata, wanda masu waƙar soyayya ke so a bayansu, yanzu ina da shi isasshe. Idan a nan zan tsaya, zan ce aikin ya yi kyau a zagaye na biyu.

Sai dai wani abu ya faru da ya sake tayar mini da haushin. Wani abokina yana da irin tawa sak, wadda ba a taɓa ba, sai muka jona ta da sabuwar lasifikata don gwaji. Bambancin ƙara tsakanin tasa mai wat 15 da tawa mai 50 yana nan, amma bai kai kusa da abin da na zata ba. Dalilin shi ne kunne ba ya lissafi kamar mita: a ma'aunin ƙarar sauti da ake kira desibel, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, daga 15 zuwa 50 kuwa desibel 5 ne da ɗan kaɗan, kuma sai an ninka ƙarfi wajen sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka. Tsohuwar lasifikata desibel 97 take bayarwa a kan wat ɗaya, sabuwar kuwa 100, wato canza lasifika kaɗai ya yi daidai da mayar da amfilifayar wat 30, ba tare da an huda ƙarfe ko an ƙona komai ba. Wannan shawara ce da mai gyara ya kamata ya fara ba ni tun ranar da na shiga shagonsa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne muryarta ta dā ta tafi. Daɗin EL84 shi ne idan aka matsa musu sai su fara wani gurnani mai zaƙi, sautin ya riƙa jan wutsiya, kuma wannan ne ainihin abin da salon Agadas ke buƙata. Yanzu kafin EL34 su kai wannan matsayi sai ƙarar ta kai inda mawaƙinmu ba ya jin kansa, tsofaffin da ke zaune a gaba kuma su fara toshe kunne, don haka na koma sayen ƙaramin akwatin takawa mai sauya muryar jita don in kwaikwayi abin da dā nake samu kyauta. Nauyinta ma ya ƙaru, mai adaidaita sahu sai ya taya ni ɗauka. Na tambayi dattijon ko za a iya mayar da ita yadda take, ya ce za a iya, amma sai an toshe hujin da faranti, an kuma nemo taransfoma irin wadda ta ƙone. Tsofaffin bawul ɗin biyu suna nan na naɗe su a tsumma cikin akwati. Ranar Asabar mai zuwa muna da kamu a wani ƙaramin ɗakin taro a Nasarawa, kuma na riga na roƙi abokina aron tasa, zan sa makirufo a gabanta.